Gwajin Adana Wake: Jagora ga Ɗalibin Digiri na Biyu a Fannin Fasahar Noma da Abinci

Gwajin adana wake yana cikin ayyukan binciken da ɗaliban digiri na biyu suke yawan ɗauka a sassan kimiyyar abinci, kare amfanin gona da injiniyancin noma. Dalilin a bayyane yake. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bi mata, kuma wake na cikin amfanin gonar da ƙwari suka fi saurin lalatawa bayan an kai shi gida. A ido aikin kamar ba wuya: a zuba wake a mazubai daban-daban, a jira watanni, a buɗe a ƙirga. Sai dai ingancin sakamakon yakan tabbata ko ya rushe tun kafin a ɗaure buhun farko, domin kuskuren da aka tafka wajen tsara gwaji babu lissafin da zai gyara shi bayan wata shida.

Abin da ake fara sani shi ne ƙwaron kansa, wanda masana suke kira Callosobruchus maculatus. Tun a gona macen take fara yin ƙwai a jikin kwanson da ya nuna, saboda haka waken da aka sussuke yau, ko ya yi kyau a ido, yana iya kasancewa da ƙwari a cikinsa. A rumbu kuwa a kan ƙwayar waken take manna ƙwanta. Idan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ba ta fitowa waje, sai ta huda ta nutsa cikin ƙwayar kai tsaye, kwanson ƙwan da ta bari ya koma fari kamar madara saboda garin da ta turo cikinsa. A ciki take ci ta girma, har a ga wani ɗan da'ira mai duhu a ƙarƙashin fatar waken, daga nan babban ƙwaro ya ture shi ya fito ya bar rami. A yanayin zafi duk wannan bai wuce mako uku zuwa huɗu ba. Babban ƙwaron ba ya bukatar ci ko sha, kwanakinsa ba su cika wuce mako biyu ba, aikinsa barbara da ƙwai kawai. Ɓarnar duka ta tsutsa ce, kuma a ɓoye take yin ta. Wanda ya ƙirga ƙwarin da ke yawo a bakin buhu kaɗai ya ƙirga ɗan abin da ya fito fili ne. A yankin Sahel akwai kuma wani ɗan'uwansa, Bruchidius atrolineatus, wanda yakan biyo waken daga gona, don haka wajibi ne a tantance irin ƙwaron da ake aiki da shi kafin a rubuta sunansa a kundi.

Sai tambayar binciken. Nan ne kundaye da yawa suke yin rauni, domin ɗalibi yakan sake tambayar abin da aka riga aka amsa. Tun ƙarshen shekarun 1980 masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin masanin ƙwari Larry Murdock, tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, suka gwada adana wake a buhu mai ruɓi uku. A 2007 aka fara yaɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da sunan buhun PICS, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates. Leda biyu ne masu kauri, kowace maikiron 80, a cikin buhun saƙa na roba. Idan aka ɗaure shi da kyau, numfashin ƙwarin da ke ciki yakan cinye iskar oksijin, wadda a sarari kashi 21 ce cikin 100, har ta yi ƙasa ƙwarai, su daina ci da hayayyafa. Wani bincike da Murdock da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, cikinsu har da Ibrahim Baoua na Nijar, ya nuna cewa bushewa ce take ƙarasa su: ruwan jikinsu daga sarrafa abinci da oksijin suke samunsa, idan oksijin ta yanke ruwan ma ya yanke. Ke nan ɗalibin da tambayarsa ita ce ko buhun yana kashe ƙwari ya makara. Tambayoyin da suke da sauran nama a jikinsu sun fi wannan ƙanƙanta: me ke faruwa da buhun da aka yi shekara biyu ana amfani da shi, yaya jarka ko duro suke idan ba a cika su ba, wane danshi ne yake fara kashe tsiron iri a cikin mazubi marar iska, ko waken da ya yi wata takwas a rufe yana yin ƙosai yadda sabo yake yi. Kafin a tsayar da ɗaya, yana da kyau a duba ayyukan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922 ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da na cibiyar IITA da ke Ibadan da reshenta na Kano, da na cibiyar NSPRI ta Ilori mai binciken adana amfanin gona, da na cibiyar INRAN a Maraɗi.

Lokaci ba ya jiran kwamitin sashe. Ana girbin wake a arewa wajajen Oktoba zuwa Nuwamba, kuma gwajin da zai yi kama da halin manomi dole ya fara daga kaka ya ratsa hunturu, lokacin da sanyi yake rage wa ƙwari gudu, ya kai bazara, lokacin da zafin Maris da Afrilu yake ruɓanya su. Ɗalibin da bai gabatar da ƙudurin bincikensa an amince ba kafin kaka, ko dai ya jira wata shekarar, ko ya tafi kasuwa ya sayi tsohon wake. Na biyun ya fi haɗari. Waken da ya kwana biyu a shagunan kasuwa irin ta Dawanau ba a san me aka sa masa ba. Wasu masu ajiya sukan jefa ƙwayar Phostoxin, wasu su yayyafa fiya-fiya, wato gubar daikulobos, wadda saboda ita Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Idan irin wannan waken ya shiga gwaji, ƙwari za su mutu a kowane mazubi, har wanda ba a yi wa komai ba, ɗalibi ya rasa bambancin da zai rubuta. Hanyar da ta fi aminci ita ce a yi magana da manomi tun amfanin yana gona, ko a samo daga cibiyar bincike, iri guda sananne kamar ɗaya daga cikin jerin SAMPEA na Samaru, daga girbi guda. Iri-irin wake sun bambanta wajen jure ƙwari, gauraya su kuwa gauraya sakamako ne.

Idan waken ya iso, a sheƙe shi, a tsince tsakuwa da fasassu da masu rami, sannan a zube shi duka wuri guda a cakuɗa sosai kafin a rarraba. Daga nan a auna danshinsa. Na'urar hannu tana da sauri, amma sai an gwada ta da tanderun ɗakin gwaje-gwaje. Ga ƙwayar da ba a niƙa ba, ƙa'idar da aka saba bi ita ce awa 72 a zafin maki 103 na ma'aunin Salshiyas, a sanyaya samfurin a tukunyar gilashi mai hana laima shiga, sannan a ɗora a sikeli. Samfurin da ya shiga da giram 20 ya fito da giram 17.8 ya rasa giram 2.2, danshinsa kashi 11 ke nan cikin 100. Ba a rufe waken da danshinsa ya haura kashi 12 zuwa 13, sai idan danshin shi ne abin da ake bincike a kai. Inda wutar lantarki take ɗaukewa, awa 72 ɗin ba a haɗa ta guntu-guntu. Idan tanderu ya huce a tsakiya, a zubar da samfurin a sake.

Akwai hanya biyu ta samun ƙwarin gwaji. Ana iya barin waɗanda suka biyo waken daga gona, abin da ya fi kama da halin manomi, sai dai ba a da tabbacin kowane mazubi ya fara da adadi ɗaya. Ko kuma a kashe na ciki gaba ɗaya ta hanyar ajiye waken a firiza na mako ɗaya zuwa biyu, a bar shi a rufe ya dawo da zafin ɗaki don kada raɓa ta kama shi, sannan a saka wa kowane mazubi adadi guda na ƙwarin da suka fito a cikin kwana ɗaya ko biyu, maza da mata daidai wa daida. Macen ta fi girma da duhu, ana gane ta da tabon da ke ƙarshen bayanta. Ana kiwon ƙwarin a kwalabe masu murfin yadi tun kamar wata biyu kafin ranar farawa. A riƙa dubawa, domin akwai wani ɗan mitsitsin zanzaro, Dinarmus basalis, da yake yin ƙwai a kan tsutsar, idan ya shiga kwalba yakan rage kiwon ba a ankara ba.

Tsarin gwajin kansa ya tsaya ne a kan ƙa'idojin da Ronald Fisher ya shimfiɗa sa'ad da yake aiki a tashar binciken noma ta Rotamsted a Ingila daga 1919, ya kuma tattara su a littafinsa na 1935 kan tsara gwaje-gwaje. A ce za a kwatanta hanyoyi biyar: sabon buhu mai ruɓi uku, tsohonsa, jarka, buhun saƙa da aka cakuɗa wakensa da toka, da buhun saƙa da ba a yi wa komai ba. Wannan na ƙarshen shi ne ma'aunin sauran, kuma ba a barin sa don tausayin waken da zai lalace, domin in babu shi ba mai iya cewa ƙwarin ma sun yi aiki a wannan shekarar. Kowace hanya sai an maimaita ta a mazubai daban-daban, aƙalla huɗu. A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ɗalibi yakan cika buhu ɗaya, ya ɗebi samfuri huɗu daga cikinsa, ya rubuta cewa ya maimaita sau huɗu. Bai maimaita ba. Tamkar mai ƙara ne da ya kawo shaida ɗaya gaban alƙali, ya sa shi ya yi magana sau huɗu, ya ce shaidunsa huɗu. Idan ɓera ya huda wannan buhun, ko ɗaurinsa ya yi sako-sako, duk samfuran huɗu za su ɗauki laifi ɗaya, a ɗora wa hanyar abin da ba nata ba. Mazubi shi ne abin ƙirgawa, ba samfurin da aka ɗiba daga cikinsa ba.

Ɗakin ajiya ma ba ɗaya yake ba ko'ina. Kusa da ƙofa ya fi iska, jikin bangon yamma ya fi zafi da la'asar, ƙarƙashin kwanon rufi ya fi ƙasa ɗumi. Saboda haka akan raba ɗakin gida huɗu, kowane gida ya ƙunshi hanyoyin nan biyar, sannan a jefa ƙuri'a a kan inda kowane mazubi zai zauna a cikin gidansa. Ƙuri'a ta gaske ake nufi, ta takardu a hula ko ta kwamfuta, ba zaɓin ido ba, don hannu yakan kai buhun da ake so ya yi nasara wuri mai kyau ko mai shi bai yi niyya ba. Hanyoyi biyar a gida huɗu mazubai 20 ne, kuma wannan ya ba da ma'aunin kuskure na 12 a lissafin bambanci, adadin da masu ƙididdigar gona suke ɗauka a matsayin mafi ƙarancin da ya dace.

Sai wata matsala da ta keɓanta da mazubi marar iska: buɗe shi ɓata shi ne. Duk ranar da aka kwance buhu don ɗibar samfuri, sabuwar iska ta shiga, ƙwarin da suka galabaita suka farfaɗo, gwajin ya koma wani abu dabam. Soka masa ƙarfen da 'yan kasuwa suke duba hatsi da shi ya fi muni. Idan ana son a ga halin waken a wata na biyu da na huɗu da na shida, to kowane lokaci yana bukatar nasa mazuban da za a buɗe sau ɗaya a sallame su. Mazubai 20 sau uku 60 ke nan. In kowanne zai ɗauki kilo 25, ana maganar kilo 1,500, wato manyan buhuna 15, kuɗin da ɗalibi mai ɗaukar nauyin kansa ba kasafai yake da shi ba. Ragewar da ta fi dacewa ita ce a rage yawan hanyoyi ko yawan lokutan buɗewa, ba yawan maimaitawa ba. Ana iya ƙanƙanta mazuban, amma sai a faɗa a kundi ƙarara, domin ledar kilo biyar ba ta yin halin buhun kilo 100: fatarta ta fi yawa idan aka kwatanta da abin da ke cikinta, iska ta fi samun hanyar ratsawa.

Ranar rufewa a duba kowace leda, a cika ta da iska a matse bakinta a danna, mai fitar da iska a ajiye ta gefe. A zuba wake, a matse iskar da ta rage a sama, a murɗe bakin ledar ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa. Mutum ɗaya ya ɗaure duka, don hannu ya bambanta da hannu. A ɗora su a kan katako, nesa da bango, a yi maganin ɓera ba tare da fesa komai a ɗakin ba. A rubuta lambar kowane mazubi a jikinsa da alƙalamin da ba ya gogewa, a kuma jefa wata takardar a ciki. Ƙaramar na'ura mai rubuta zafi da laima da kanta tana da amfani ƙwarai, in babu ita a riƙa karanta ma'auni safe da yamma. Komai a littafi mai bango yake shiga, da kwanan wata, da biro. Lambar da aka yi kuskure a ja mata layi ɗaya a rubuta ta gaskiya a gefe, ba a goge ta.

Ranar buɗewa, idan akwai na'urar auna oksijin, da ita ake farawa kafin a kwance ɗauri. Sannan a juye waken duka, a cakuɗa, a riƙa raba shi biyu ana ɗaukar rabi har a kai girman samfurin da ake so, domin ƙwari sukan taru a sama da gefe, ɗiba daga baki kaɗai yaudara ce. A tankaɗe, a ƙirga ƙwari masu rai da matattu dabam-dabam, a auna garin da ya zuba. Daga ƙwayoyin a ƙirga masu ƙwai, masu rami, da yawan ramukan. Asarar nauyi kuwa ga yadda ake fitar da ita. A ce cikin ƙwaya 500, lafiyayyu 400 sun auna giram 72, masu rami 100 sun auna giram 15. Lafiyayya ɗaya giram 0.18 ce, da duka 500 lafiya suke da sun auna giram 90, amma 87 aka samu. Asarar giram 3 cikin 90, wato kashi 3.3 cikin 100, alhali kashi 20 na ƙwayoyin sun huje. Lambobin biyu duk sai an kawo su, domin mai saye a kasuwa ba asarar nauyi yake gani ba, rami yake gani, kuma da shi yake karya farashi. A ɗaga ledojin a hasken rana a ƙirga hudar da ke jikinsu. Gwajin tsiro kuma ƙwaya 100 sau huɗu ne a jiƙaƙƙen yashi ko takarda.

Ɗalibin kimiyyar abinci ba ya tsayawa a nan. Yakan auna tsawon lokacin dahuwa, domin waken da ya daɗe cikin zafi da laima yakan yi taurin da ko an jiƙa shi ba ya nuna da wuri, abin da ke nufin ƙarin itace ko gawayi ga mai girki. Yakan auna sinadarin furotin, wanda a wake ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu, ta hanyar Kjeldahl: a auna naitirojin a ninka da 6.25. A yi hattara da wannan lambar. Waken da ƙwari suka cinye yakan nuna furotin fiye da lafiyayye, ba don ya ƙara amfani ba, sai don gawarwakin tsutsa da kashinsu ma suna ɗauke da naitirojin, sitacin kuwa ya ragu. Wanda ya rubuta cewa ƙwari sun inganta waken ya karanta lamba bai karanta wake ba. Gwajin ɗanɗano kuma akan yi shi da abin da mutane suke ci da gaske, ƙosai ko alala ko ɗanwake, mai girki ɗaya, mai iri ɗaya, awo ɗaya. Kowane faranti lamba uku ake rubuta masa maimakon suna, masu ɗanɗanawa su kurkure baki tsakanin samfuri da samfuri, su ba da maki daga 1 zuwa 9 ba tare da shawara da juna ba. Sai da yardarsu ake yi, kuma ba a ba kowa samfurin da ya yi fumfuna ko wanda aka sa wa magani.

Wajen lissafi, manhajar R kyauta ce kuma ta wadatar, ko da yake sassa da yawa sun saba da SAS ko GenStat. Adadin ƙwari ba ya bazuwa daidai, wani buhun sifili wani dubbai, don haka akan sauya lambobin zuwa logaridim ko tushen murabba'i kafin lissafin bambanci, amma a teburin kundi lambobin asali ake nunawa. Ganin masanin ƙididdiga kafin a fara gwaji ya fi ganinsa bayan an gama amfani nesa ba kusa ba. Bambancin da lissafi ya tabbatar kuma ba lallai ne ya zama mai amfani ga manomi ba. Shi ya sa babin sakamako yake bukatar ɗan lissafin kuɗi: farashin mazubi, sau nawa za a iya sake amfani da shi, da abin da wake ya ƙaru da shi daga kaka zuwa lokacin shuka a kasuwar da ke kusa a wannan shekarar.

Babin hanyoyin bincike shi ne wanda mai jarrabawa daga waje yake fara bi da jan biro, kuma tambayoyinsa ranar kare kundi ba su cika wuce waɗannan ba: daga ina waken ya fito, mazubai nawa ne, yaya aka jera su, sau nawa aka buɗe kowanne. Buhun da ɓera ya huda, ko ranar da na'ura ta tsaya, a rubuta su yadda suka faru a kuma bayyana abin da aka yi da lambobinsu. Sakamakon kaka ɗaya, a ɗaki ɗaya, da iri ɗaya, a nan ya tsaya, ba a shimfiɗa shi a kan duk arewa. Littafin awo da ainihin lambobin a ajiye kwafinsu wurin malami mai duba aikin. Waken da ya rage daga mazuban da ba a sa wa komai ba ana iya ci ko ba dabbobi idan bai yi fumfuna ba. Wanda aka sa wa maganin ƙwari don gwaji kuwa ba a ci, ba a sayarwa, ba a ba dabba. Binne shi ake yi a rami mai zurfi, nesa da rijiya.